Tambaya da Amsa: Wa ke biyan harajin Amurka, mai albashi ko mai dukiya?

Yawancin saƙonnin da suka shigo wannan karon a kan haraji ne, musamman rigimar da ake ta yi a Amurka tun bayan da Trump ya sa hannu a kan sabuwar dokar haraji ranar 4 ga Yuli 2025. Na ɗauki guda huɗu, sauran a yi min haƙuri.

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ma'aikaciyar jinya ce a Amurka, ina samun wajen dala dubu 60 a shekara. An min tayin ƙarin dala dubu 5 amma abokiyar aikina ta ce kar na karɓa, wai zan shiga sahun masu biyan kashi 22 kuma haraji zai cinye ƙarin har ya taɓa wanda nake samu da. Da gaske ne?

Amsa: Wa alaikumus salam Malama. Karɓi kuɗinki, ƙawarki ta ji magana ne rabi da rabi. Harajin kuɗin shiga na tarayya a can hawa-hawa ne kamar matakala, hawa bakwai: kashi 10, 12, 22, 24, 32, 35 da 37, kuma kowane hawa kuɗin da ya faɗo cikinsa kaɗai yake ci, ba wai da kin taka hawa na uku sai a bi duk albashinki da kashi 22 ba.

Bari mu yi lissafin da alƙaluman 2024, a matsayin ke kaɗai kike cike takardarki. Daga dubu 60 ɗin nan za a fara cire dala 14,600 da ba a taɓawa sam, saura 45,400. Dala 11,600 na farko kashi 10, wato 1,160, sauran 33,800 kashi 12, wato 4,056. Duka 5,216 kenan, bai ma kai kashi 9 na albashinki ba. Toh in aka ƙara miki dubu 5, dala 1,750 a ciki har yanzu suna hawan kashi 12 tunda hawan sai 47,150 yake ƙarewa, 3,250 ne kawai za su hau na 22. Ƙarin harajin 925, ki ɗora na fansho da na lafiya wajen 383, kin ga kusan dala 3,700 za su shigo aljihunki, kafin jihar da kike ta ɗebi nata in tana karɓa. Abin da kawai zan ce ki duba shi ne in akwai wani tallafin gwamnati da kike samu wanda yake da iyakar albashi, wannan kam ƙari yana iya rage shi.

Tambaya: Malam ni fa na rikice. Wani ya ce attajiran Amurka su ke ɗauke da harajin ƙasar, rabin mutane ko sisi ba sa biya. Wani kuma ya ce biloniyoyi ba sa biyan komai, talaka ake tatsa. A cikinsu wa ke ƙarya?

Amsa: Ɗan'uwa ba wanda ya yi ƙarya tsagwaronta, kowa dai ya ɗauko lambar da ta yi masa daɗi ya danne ɗayar.

Na farkon ga hujjarsa. In harajin kuɗin shiga na tarayya kaɗai ake magana, kashi 1 cikin ɗari na masu samu mafi yawa suna biyan wajen kashi 40 na duk abin da ake tarawa, rabin mutane masu ƙarancin samu kuwa abin da suke biya gaba ɗayansu wajen kashi 3 ne. Wannan haka yake. Shi ne ma maganar da ta kwaɓe wa ɗan takarar shugaban ƙasa Mitt Romney a zaɓen 2012, da aka naɗi muryarsa yana zancen kashi 47 na mutanen da ba sa biyan harajin kuɗin shiga. Amma abin da ba a faɗa shi ne, wannan ba shi kaɗai ne haraji ba. Duk mai albashi, ko shara yake yi, ana cire masa kashi 6.2 na fansho da kashi 1.45 na lafiya tun daga dalar farko, tun kafin kuɗin su iso hannunsa, mai aikin ma ya biya kwatankwacin haka. Kuma na fanshon yana da rufi, a 2024 ya tsaya ne a kan dala 168,600. Ma'ana mai samun 168,600 zai biya dala dubu 10 da ɗari huɗu da wani abu, mai albashin miliyan biyar shi ma daidai wannan zai biya ba ƙari. Ka haɗa da harajin sayayya na jihohi da na fetur, wanda talakan da ke kashe duk abin da ya samu ya fi jinsa a jiki, sai ka ga cewa wai rabin mutane ba sa biyan haraji magana ce ta son rai.

Na biyun kuma inda gaskiyarsa take ya fi ban sha'awa, kuma ni a ganina nan ne asalin rigimar take ba a kan ko hawan sama ya zama kashi 37 ko 39.6 da 'yan siyasa ke ta kai ruwa rana ba. Likitan tiyata mai albashin dala miliyan ɗaya yana biya sosai wallahi, don albashi ne, ba inda zai ɓoye shi. Amma attajirin gaske ba da albashi yake arziki ba, da hannun jari ne. In ya riƙe hannun jari sama da shekara ya sayar, mafi yawan abin da za a karɓa a kan ribar kashi 20 ne, a ɗora wani harajin na kashi 3.8, ka ga bai kai na likitan ba. Hamshaƙin attajirin nan Warren Buffett da kansa ya rubuta a jarida a 2011 cewa kashi 17.4 ya biya, ƙasa da na kowa a cikin ma'aikatan ofishinsa, har Obama ya kawo shawarar a sa wa masu samun sama da miliyan ɗaya aƙalla kashi 30, ta mutu a majalisar dattawa a 2012.

Toh wannan ma in ya sayar kenan. In bai sayar ba fa? Ba haraji ko kaɗan, ko da darajar hannun jarin ta ƙaru da biliyan goma a shekara, doka ba ta ɗauke shi a matsayin kuɗin shiga ba. In yana son kuɗin kashewa sai ya je banki ya jinginar da hannun jarin ya karɓi bashi a kan ruwa kaɗan, bashi kuwa ba a biya masa haraji. Ran da ya mutu magada su gaji dukiyar a kan farashinta na ranar mutuwa, duk ribar da ta taru shekara talatin ko arba'in ta shuɗe ba wanda ya biya mata harajin riba. Akwai harajin gado na kashi 40, eh, amma a 2024 sai dukiya ta wuce dala miliyan 13.61 yake farawa, kuma akwai lauyoyin da sana'arsu kenan su zagaye shi. Da kafar labarai ta ProPublica ta fitar da bayanan hukumar haraji ta IRS da aka kwarmata mata a 2021, an ga Jeff Bezos bai biya harajin kuɗin shiga na tarayya ba a 2007 da 2011, Elon Musk ma haka a 2018, kuma ba doka suka karya ba, abin da ya fi ba mutane haushi kenan. Kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi.

Masu kare tsarin suna da tasu amsar kuma ba ta banza ba ce: ribar takarda ba kuɗi ba ce, yau ta hau gobe ta faɗo, in ka karɓi haraji a kanta bana, baɗi da ta rushe za ka mayar masa? Kuma kamfanin ya riga ya biya kashi 21 a kan ribarsa. Shi ya sa harajin dukiya irin wanda Sanata Elizabeth Warren ta kawo a 2019, kashi 2 duk shekara a kan abin da ya haura dala miliyan 50, ni ban cika yarda da shi ba, ƙasashen Turai da dama sun gwada sun watsar, Faransa ma ta soke nata a 2018 ta bar shi a kan gidaje da filaye kawai. Amma yafe ribar nan ranar mutuwa, wannan kam har yau ban ji hujjar da ta gamsar da ni ba.

Tambaya: Ranka ya daɗe, me zai hana a sa wa kowa kaso ɗaya, misali kashi 15, mai kuɗi da talaka? Ai wannan shi ne adalci.

Amsa: Yallaɓai ba kai ka fara wannan tunanin ba. Steve Forbes ya nemi takarar shugaban ƙasa da shi a 1996, kashi 17 ga kowa, Estoniya ta fara aiki da irinsa tun 1994, Rasha ta yi kashi 13 daga 2001 kodayake ita daga baya ta koma hawa-hawa. Sauƙi kam yana da shi. Matsalar, kashi 15 na mai dala dubu 20 dala dubu 3 ne, kuɗin haya da magani kenan, shi kuwa mai miliyan 20 in ka cire masa miliyan 3 ba abin da zai canza a rayuwarsa ko ɗaya. Lambar ɗaya ce amma zafin ba ɗaya ba. Kuma a Amurka in aka yi haka yau, ma'aikaciyar jinyar can ta sama da ke biyan ƙasa da kashi 9 nata zai hau, mai biyan 37 nasa ya sauko. Shi ya sa har masu goyon bayansa suke cewa a yafe wani adadi na farko, toh da ka yafe ai ka dawo hawa biyu kenan.

Tambaya: Malam ana cewa in aka rage wa masu kuɗi da kamfanoni haraji za su buɗe masana'antu, aiki ya samu, gwamnati ma ta fi samun kuɗi. Ya abin yake?

Amsa: Rabin farko akwai ƙamshin gaskiya, rabin ƙarshe ne ake cika baki. Ka duba yadda lambar hawan sama na harajin kuɗin shiga ta yi ta yawo: kashi 7 a 1913 da aka fara, 94 a 1944 lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, 91 a yawancin shekarun 1950, Reagan ya same ta a 70 ya bar ta a 28, Clinton ya kai ta 39.6 a 1993, Trump ya sauko da ita 37 a 2017 ya kuma rage na kamfanoni daga 35 zuwa 21. Tattalin arzikin ya bunƙasa a zamanin 91, ya bunƙasa a zamanin Reagan, ya kuma bunƙasa bayan ƙarin Clinton har gwamnati ta samu rarar kuɗi daga 1998 zuwa 2001, don haka duk wanda ya ce maka lambar nan ita kaɗai ke juya komai, siyasa yake yi. Kar kuma a ruɗe ka da 91 ɗin, kusan ba wanda yake biyan haka a lokacin saboda ƙofofin zillewa sun yi yawa.

In haraji ya yi mugun yawa rage shi yana iya ƙara abin da ake tarawa, wannan shi ne zancen masanin tattalin arziki Arthur Laffer, amma daga 39.6 zuwa 37 ba a wannan yankin ake ba. Jihar Kansas ta gwada a 2012 zamanin gwamna Sam Brownback, ta zabtare haraji da alƙawarin ayyuka za su biyo baya, kuɗin shiga ya faɗi, makarantu da tituna suka ji a jikinsu, a 2017 majalisar jihar da 'yan jam'iyyarsa ta Rifablikan ke da rinjaye ta soke yawancin ragin duk da ya hau kujerar naƙi. Ragin 2017 na tarayya ya ɗan ƙara zuba jari amma bai mayar da kuɗin da aka rasa ba. Ita kuma dokar 2025 da ta dawwamar da ragin, ofishin kasafi na majalisa wato CBO ya ƙiyasta za ta ƙara giɓin sama da dala tiriliyan 3 cikin shekara goma, a kan bashin da a lokacin tuni ya wuce tiriliyan 36, ya kuma ce kashi 10 na mutane mafi ƙarancin samu za su yi asara saboda an rage tallafin lafiya na Medicaid da na abinci, kashi 10 na sama su suka fi kowa cin riba. Masu goyon bayan dokar suna nuna yafe haraji a kan kuɗin ihsanin da ake ba ma'aikatan gidajen abinci da kuma kuɗin aikin bayan lokaci, kuma gaskiya zai taimaki wasu, sai dai shi wannan yafiyar a 2028 za ta ƙare, ragin na sama kuwa ba a sa masa ranar ƙarewa ba.