Tubabbun Boko Haram ana ba su jari, mu da aka kashe wa mazaje fa?

Tambaya: Assalamu alaikum malam. Ni 'yar Bama ce, mun gudo Maiduguri a 2014 bayan an kashe maigidana ya bar ni da yara 5. Yanzu ga shi waɗanda suka fito daga daji ana koya musu sana'a har da jari, wani ma na gan shi da idona da keken ɗinki sabo fil. Dan Allah wannan adalci ne? Kuma akwai inda aka taɓa yin haka aka samu zaman lafiya?

Amsa: Wa alaikumus salam baiwar Allah. Allah ya jiƙan maigidanki ya sa ya huta, ya raya miki marayun nan. Gaskiya abin da kike ji a ranki kina da hujja, kuma duk wanda ya ce miki ki yi haƙuri kawai ya wuce to bai amsa tambayarki ba.

Bari in fara da dalilin gwamnati tukuna. Shirin nan na Operation Safe Corridor, wato shirin gwamnatin tarayya na karɓar tubabbun mayaƙa da gyara halinsu, an fara shi ne a 2016, sansaninsa na Malam Sidi a jihar Gombe, kuma dabarar yaƙi ce tun asali, wato in ɗan bindiga ya san in ya fito kashe shi za a yi to zai zauna a daji ya yi ta yaƙi har ya mutu, in kuwa ya ga akwai ƙofa sai ya ajiye makami. Bayan mutuwar Shekau a watan Mayun 2021 dubban mutane suka yi ta fitowa daga Sambisa, sai dai ki sani ba duka ne mayaƙa ba, da yawansu manoma ne da mata da yara da aka ritsa da su a ƙauyukansu shekara da shekaru, su ma an zalunce su kamar ke. Matsalar tana wajen tantancewa, ta ya za a ware wanda aka tilasta wa ɗaukar kaya da wanda ya yanka mutane da hannunsa, in ba a tambayi mutanen garin da suka san kowa ba?

Kin tambayi ko an yi a wani wuri. An yi, amma ki duba yadda suka yi.

A arewacin Uganda 'yan tawayen Joseph Kony sun shafe wajen shekara 20 suna sace yara suna mai da su makasa. Gwamnati ta yi dokar afuwa a shekarar 2000, dubbai suka dawo gida, amma ƙabilar Acholi, mutanen yankin, ba su ɗauki takardar gwamnati a matsayin ƙarshen magana ba. Wanda ya dawo daga daji sai ya taka ɗanyen ƙwai kafin ya shiga gida, in kuma akwai jini a tsakani sai an yi abin da suke kira mato oput, mai laifi ya faɗi abin da ya aikata da bakinsa, danginsa su biya diyya, sannan ɓangarorin biyu su durƙusa su sha jiƙon wata saiwa mai ɗaci a ƙwarya ɗaya. Kin ga tsarin, faɗin gaskiya da diyya su ne a gaba, shan jiƙon daga baya yake zuwa. Manyan kuma ba duka suka tsira ba, Dominic Ongwen, ɗaya daga cikin kwamandojin Kony, wanda shi kansa sace shi aka yi yana yaro, kotun duniya ta Hague ta ɗaure shi shekara 25 a 2021.

Ruwanda ma haka, bayan kisan kiyashin 1994 da ya ci wajen mutum 800,000 cikin kwana 100, gidajen yari suka cika da mutum sama da 100,000, kotuna ba za su iya ba, sai aka koma wa gacaca, zaman shari'a a fili kan ciyawa, mutanen unguwa su zaɓi dattawansu su zama alƙalai, matar da aka kashe wa miji ta miƙe ta nuna mutum ta ce kai ne. Wanda ya amsa laifi ya nuna inda aka binne gawarwaki sai a rage masa hukunci. Kafin a rufe su a 2012 sun saurari ƙara kusan miliyan 2. Suna da nasu aibin, an tsorata shaidu har an kashe wasu, diyyar da aka yi ta alkawari yawanci ba ta zo ba, amma dai an zaunar da mai laifi gaban wanda ya cuta.

To wannan zaman shi ne babu a wajenmu, kuma wallahi shi ya fi damuna. An yi wa waɗanda ake zargi da Boko Haram shari'o'i a barikin Kainji da ke jihar Neja tun 2017 amma can nesa, ke da kike da haƙƙi ba wanda ya kira ki. Ko a musulunci ai yafe jini na magada ne, su za su zaɓi ƙisasi ko diyya ko afuwa, hukuma tana iya cewa ta daina yaƙi da mutum amma ba za ta yafe a madadinki ba. Keken ɗinkin nan ni ba na adawa da shi don wanda ba shi da abin yi shi ya fi saurin komawa daji, abin da nake cewa duk naira ɗaya da aka kashe wa tubabbe ya kamata a ce an kashe fiye da ita a kan marayu da zawarawan da ya bari.

Shawarata, in kin san wani takamaimai da hannunsa a kisan maigidanki kar ki tunkare shi ke kaɗai, akwai haɗari. Ki samu bulama ko lawanin unguwarku na Bama da wasu mata da abin ya shafa ku haɗu ku rubuta abin da kuka gani, suna da rana da wuri, ku kai ofishin hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta ƙasa da ke Maiduguri, kuma ku riƙe kwafi a hannunku.