An tsare mahaifinmu saboda bashin yayana

Tambaya: Assalamu alaikum Barista. Daga wani ƙauye a Jigawa nake rubuto maka. Yayana ya karɓi taki buhu shida bashi a wurin wani ɗan kasuwa, da alkawarin biya in an yanke riɗi. Riɗin bai yi ba, ya tafi ci-rani Legas. Ran Talata mai takin ya zo da 'yan sanda suka tafi da mahaifinmu, dattijo mai hawan jini, wai sai ɗansa ya dawo. Yau kwana uku. Dattawan gari sun ce mu sayar da tumaki mu lallaɓa, wai ja da hukuma ba tarbiyyar musulmi ba ce. Mu yi shiru ke nan?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Allah ya fito da Baba lafiya. Kafin komai, ka kai masa maganinsa yau ɗin nan, ka kuma sanar da DPO cewa mai hawan jini ne.

Tsarewar nan ba ta da ƙafa a doka. Sashe na 36 na Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ya hana a kama wani a madadin wanda ake zargi. Sashe na 32 ya hana kamu kan rikicin da bai wuce bashi ko saɓa yarjejeniya ba. Ko da Baba ne ya tsaya wa yayanka, kotu mai taki zai je ya nemi kuɗinsa. Sashe na 35 na Kundin Tsarin Mulki na 1999 kuma ya ce a kai wanda aka kama gaban alƙali cikin kwana ɗaya in akwai kotu a tazarar kilomita 40, in babu kwana biyu, sai in kotu ce ta ga dalilin ƙari. Kun riga kun wuce nan.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne maganar dattawan nan, domin kusan kullum sai na ji ta. Wai neman haƙƙi boko ne, abin Turawa, musulmin kirki haƙuri yake yi. A wane littafi suka karanta? Su buɗe Suratu Yusuf. Da 'yan'uwan Annabi Yusuf suka roƙe shi ya riƙe ɗayansu a maimakon ƙaninsu saboda tsufan mahaifinsu, cewa ya yi Allah ya tsare mu kama wani in ba wanda muka samu kayanmu a wurinsa ba, in mun yi haka lalle mu azzalumai ne. Aya ta 79 ke nan. Mutanen da suka miƙa kansu da kansu ma ya ƙi karɓa, balle tsohon da aka ɗauko daga kan tabarmarsa a zaure. A Hajjin Bankwana Manzon Allah (SAW) ya faɗa ƙarara cewa ba a kama uba da laifin ɗa, ba a kama ɗa da laifin uba. Shi kuwa wanda ake bi bashi in ya shiga ƙunci, Suratul Baƙara aya ta 280 cewa ta yi a saurara masa har ya samu sauƙi.

Biyayyar da addini ya ɗora mana a cikin abin da yake daidai take. Kuma ku lura, a nan hukumar ce da kanta ta rubuta dokar da ta hana wannan kamu. Wanda ya tunatar da jami'i dokarsa bai yi tawaye ba. Na ga dattijo a bayan kanta, an ajiye hularsa da takalmansa a gefe kamar ɓarawon akuya, matarsa a waje da kwanon tuwo tana ƙirga kuɗin tunkiyar da ta yi shekara tana kiwo. Rabin kuɗin nan aljihun masu shiga tsakani yake faɗawa, irin waɗanda ke yini a gindin bishiyar ofis suna cewa “bari in yi magana da oga”. Su ne suka fi kowa wa'azin haƙuri, don da shirunku suke cin abinci. Mai takin ma in ya ga ta yi masa, baɗi uban wani zai sa a ɗauko.

Gobe da sassafe ka tafi da mutum biyu masu mutunci, ka nemi ganin DPO da kansa. Cikin ladabi ka tambayi laifin da aka rubuta wa Baba, ka nemi belinsa. Beli kyauta ne, kada ka ba da ko sisi. In an ƙi, ka rubuta ranar da aka kama shi da lokacin, ka nufi Dutse ofishin Legal Aid, masu ba talaka lauya kyauta, ko Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa. Babbar Kotu tana da ikon ba da umarnin sakinsa, kuma sashe na 35 ɗin nan ya ba shi damar neman diyya da ban haƙuri a bainar jama'a.

Sannan ka kira yayanka. Bashi yana nan a wuyansa, duniya da lahira, kuma bai kamata ya ji mahaifinsa na kwana a kan siminti ya ci gaba da zama a Legas ba. Ya turo abin da ya samu, a zauna gaban mai unguwa da shaidu a rubuta yadda zai biya sauran.