Amsoshin Tambayoyi: Rufaffun Manhajoji a Kan Linux

Wani ɗalibi daga Zariya ya sayi kwamfutar hannu ta gwanjo, mai gyara ya ɗora masa Debian, wani nau'in tsarin sarrafa kwamfuta na Linux, yana tambaya yadda zai gane manhajojin da masu su suka ɓoye lambobin gininsu.

Ɗan'uwa, abin ba shi da wahala. Debian ta raba kayanta gida-gida: main na buɗaɗɗun manhajoji ne zalla, contrib na buɗaɗɗu ne da suka dogara da waɗanda ba sa cikin main, non-free kuwa nan ake zuba masu sharaɗi, sannan daga Debian 12 da ta fito a 2023 aka ware non-free-firmware domin ƙananan manhajojin da ke tafiyar da sassan kwamfuta. Ka saukar da check-dfsg-status, wadda a da ake kira vrms, za ta jero maka abin da ke kwamfutarka daga waɗannan sassa, ban da main. A Ubuntu kuma, wani nau'in Linux ɗin, restricted da multiverse ne wuraren dubawa.

Sai dai kada ka ga jerin ya fito gajere ka saki jiki, domin wannan manhaja tana duba sashen da kowane ƙunshin manhaja ya ambata wa kansa ne kawai. Google Chrome rufaffiya ce, amma ƙunshinta yana ɗauke da sashen web, don haka ba za ta bayyana ba, haka ma duk abin da ya shigo ta snap ko flatpak, wasu hanyoyi na daban na ɗora manhajoji. Nan ne damuwata take, saboda masu gyara da yawa kan kwafo umarni daga intanet ko su ɗauko fayil daga filashi su dura wa mutum, shi kuma ya biya kuɗi ya tafi gida bai san wane rumbu aka ba izinin aiko masa da sabuntawa ba. Ka buɗe /etc/apt/sources.list.d, jakar da ake ajiye adiresoshin waɗannan rumbuna, ka karanta kowane fayil da idonka, sannan ka rubuta snap list da flatpak list a terminal, wato wurin rubuta umarni. Duk adireshin da ba ka gane ba, ka koma wurin mai gyaran ya yi maka bayani.

Wata malama daga Katsina ta ga sunan firmware-iwlwifi a jerin, hankalinta ya tashi, tana tambaya ko ta goge. Malama, ki kwantar da hankalinki, ba ƙwayar cuta ba ce. Ita ce ke tafiyar da Wi-Fi na Intel, kuma idan kika cire ta Wi-Fi ɗinki zai iya ɗaukewa.

Shi kuwa mai tambaya ko ya sayi manhajar da za ta yi masa wannan bincike, kada ya kashe ko kwabo, duk kayan da na ambata kyauta ne.