Fatawa: kiwon kyankyaso domin ƙadangaren gida da cinikinsa

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni matashi ne, ina zaune a Yantala, nan Yamai. Shekara biyu ke nan ina riƙe da ƙadangaru guda biyu, irin na Ostareliya mai gemu, ina kuma kiwon kyankyaso irin wanda ake kira dubiya a cikin robobi domin abincinsu. Da kyankyasan suka yi yawa sai na fara sayar wa masu irin sha'awata. Don su yi saurin hayayyafa ina ba su abincin kyanwa na leda da garin ƙuli-ƙuli. Wani ya ce mini kuɗin haram ne tunda ba a cinikin ƙwari, kuma ƙila akwai mushe a abincin kyanwar. Ɗaya daga cikin ƙadangaruna ma gaɓoɓinsa sun kumbura, likitan dabbobi ya ce furotin ya yi yawa, amma ban gaya wa masu saye ba. Mene ne hukunci?

AMSA: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗana, abin da ya fi nauyi a tambayarka shi ne wanda ka bari sai ƙarshe. Zan iso gare shi, amma bari in fara sauke maka nauyin da aka ɗora maka ba da hujja ba.

Riƙe dabba a gida halas ne ga wanda zai ci da ita ya shayar da ita, kuma umarnin kashe tsaka bai hau kan kowane ƙadangare ba. Batun mushe ma kada ya hana ka barci: zato ba ya najasantar da abu, kuma a mazhabarmu ta Malikiyya ana ba dabba abincin da najasa ta taɓa.

Sai maganar wanda ya ce cinikin ƙwari haram ne. Ba daga kansa ya ƙago ta ba, tana cikin littattafan Hanafiyya da Shafi'iyya, sai dai ya ɗauko hukuncin ya bar dalilinsa a baya. Malaman da suka hana sun faɗi abin da ya sa: a ganinsu babu wani amfani a ƙwari, kuma karɓar kuɗi a kan abin da ba shi da amfani cin dukiyar mutane ne da ɓarna. To idan amfanin ya bayyana fa? Su da kansu sun amsa. Imam Muhammad ɗan Hasan Shaibani, almajirin Abu Hanifa, ya halatta sayar da tsutsar alharini da ƙudan zuma, malaman mazhabarsa na baya kuma suka halatta matsattsaku saboda masu magani suna bukatarsa. Hanbaliyya sun ambaci tsutsar da masunta ke sa wa ƙugiya. A wajenmu Malikiyya abin ya fi haka sauƙi. Shaihu Halilu ya sa tsarki da amfani cikin sharuɗɗan abin da ake sayarwa, kuma shi ne ya ce mataccen abin da ba shi da jini mai gudana tsarkakakke ne. Kyankyaso ba shi da irin wannan jini, sharaɗin farko ya cika. Amfaninsa kuwa ga shi a gabanka, abincin dabba ne da ya halatta a riƙe. Da zama ƙwaro shi kaɗai yana haramta ciniki, da ba mu ga mata suna auna fara da tiya a Katako ba. Idan ya ce ai fara nassi ne ya halatta ta, sai mu ce haka ne, kuma wannan ya nuna sunan ƙwaro ba shi ne dalilin hanin ba. Ƙyamar da mutanenmu ke yi wa kyankyaso gaskiya ce, domin wanda suka sani na masai ne, amma ƙyama ba ta zama hujjar haramta wa mutum sana'arsa. Kuɗinka ta wannan fuska halas ne.

Yanzu ga inda hukuncin ya juya. Kyankyaso ba ya zubar da rarar furotin yadda sauran dabbobi ke yi. Yana mayar da ita wani farin gishiri da ake kira yurik asid, ya adana a kitsen jikinsa domin ranar yunwa, har akwai ƙwayoyin halitta a jikin nasa masu taimaka masa ya sake cin moriyarta. Allah ya halicce shi ne don ya rayu a kan ruɓaɓɓen ganye da ƴaƴan itace. Kai kuwa kana ba shi abincin kyanwa, wanda furotin ɗinsa yakan kai kashi 30 cikin 100 ko fiye, ka ƙara da ƙuli-ƙuli da ya haura kashi 40. Ajiyar sai ta yi ta taruwa, kuma idan abin ya wuce kima shi kansa kyankyason ba ya daɗewa. Ƙadangare ma da wannan gishiri yake fitar da dattin jikinsa, shi ne farin da kake gani a gefen kashinsa. In nauyin ya fi ƙarfin ƙodarsa sai gishirin ya kwanta a gaɓoɓi, su kumbura, su yi ciwo. Ƙarancin ruwa da ciwon ƙoda su ma suna kawo haka, kuma ka san zafin Yamai a watan Afrilu da Mayu, lokacin da awo ke wuce digiri 40.

Kafin likita ya yi magana ba ka da laifi, ba ka sani ba. Daga ranar da ya gaya maka kuwa, ci gaba da wannan abinci cutar da dabba ce da ka tsare a keji, ba ta da hanyar zaɓar abin da za ta ci. Sayarwa kana shiru kuma algus ne, domin aibin yana cikin cikin ƙwaro, mai saye ba zai gan shi ba, kamar jiƙaƙƙen hatsin nan na cikin hadisi da aka ɓoye a ƙarƙashin tsibi. Wajibi ne ka kira duk wanda ka sayar wa bayan wannan rana ka faɗa masa gaskiya. Wanda ya so ya maido kaya ya karɓi kuɗinsa, haƙƙinsa ne. Na san kana tsoron kada su gudu. Ko jika nawa ne, ba su kai ka ɗauki alhakin dabbar wani ba.

Gyaran ba shi da tsada. Ka koma dusar gero ko ta alkama, wadda furotin ɗinta bai kai kashi 20 ba, da kabewa da karas da lemu da ɗan ganyen zogale. Hayayyafar za ta ɗan ragu, ka yi haƙuri da wannan. Waɗanda suka riga suka girma a kan tsohon abinci kada ka zubar da su, jikinsu yana cinye ajiyar idan furotin ya ragu. Ka tambayi likitan tsawon lokacin da za ka jira. Ka riƙa barbaɗa wa ƙwarin garin kalsiyam kafin ka miƙa, domin ƙwari ba su da shi sosai. Babban ƙadangare irin naka kuma ganye ya kamata ya fi yawa a abincinsa, ƙanana ne ke bukatar ƙwari da yawa.

Akwai abin da ba ka tambaya ba amma ba zan bar shi ba. Idan gidan iyaye kake, ka nemi yardar mahaifiyarka da gaske, kada ka ɗauki shirunta a matsayin izini. Ƙurar kashin kyankyaso tana tayar da asma, sai ka nisanta robobin daga ɗakin kwana, ka rufe su da kyau saboda maƙwabta. Ka wanke hannu da sabulu duk lokacin da ka taɓa ƙadangaren, jikinsu yana ɗauke da ƙwayar cuta mai sa zawo, kuma kada ƙananan yara su yi wasa da su. Ranar da kyankyasanka suka ƙare kada ka kamo na masai ko na kwata, mai yiwuwa sun sha fiya-fiya. Shi kuwa marar lafiyar, ka mayar da shi wajen likita cikin wannan mako, kuɗin maganinsa yana kanka tun ranar da ka sa shi a keji.

Wallahu a'alamu.