Kwamfutocin ofis sun kasa shiga MySQL

Malam, ka ce MySQL, manhajar rumbun bayanai, na aiki lafiya a sabarka ta Ubuntu, amma sauran kwamfutocin ofis sun kasa shiga. Haka yake zuwa, injin da yake kai kaɗai yake saurare. Buɗe /etc/mysql/mysql.conf.d/mysqld.cnf, ka nemo layin bind-address, ka maye 127.0.0.1 da adireshin sabar, misali 192.168.1.10, sannan ka sake tayar da MySQL.

Da sauran aiki fa. Asusun da aka ɗaure da localhost, wato sabar kanta, ba ya karɓar baƙo. Ƙirƙiri sabo, kamar 'ofis'@'192.168.1.%', ka ba shi izini kan rumbun da yake buƙata kawai, root kuwa, asusun nan mai cikakken iko, bar shi inda yake. In ufw, katangar tsaron Ubuntu, na kunne, buɗe ƙofa 3306, wadda MySQL ke amfani da ita, ga 192.168.1.0/24, wato kwamfutocin ofis.

Don Allah kar ka buɗe ƙofar nan ga intanet ta rauta (router), na'urar da ke haɗa ofis da intanet. In daga gida za ka shiga, bi ta amintacciyar hanya kamar SSH ko VPN.