Kafin ka ƙara buga kabar faifan nan, ɗauko rula

To yaro na ga saƙonka. Ka ce ka buga kabar faifan walimar saukar 'yan Islamiyyar nan ta gwaji, da ka zura ta a gidan faifan sai rubutun da ya kamata ya zauna a ƙashin baya ya zamo ya leƙo gaba, gefe kuma ya yi saura sai da ka lanƙwasa, sannan kana tambaya ko sitika za ka manna a kan faifan kansa. Dakata tukuna kar ka ƙara buga ko ɗaya, takardar nan mai sheƙi ba kyauta ake ba mu ba.

Ba CorelDRAW, manhajar zanen nan, ne ya cuce ka ba, kuma firinta lafiyarta ƙalau. Ka sauko da zanen wani daga intanet ne ka ɗora aikinka a kai ba ka auna gidan da ke hannunka ba. Gidan DVD ba iri ɗaya ba ne. Na asali mai kauri kabarsa milimita 273 ce a faɗi, 183 a tsayi, gaba 129.5, baya 129.5, ƙashin baya 14. Amma waɗanda malamin ya kawo ai na gansu jiya a leda, sirara ne, irin masu ƙashin baya milimita 7, ka ga faɗinsu gaba ɗaya ya koma 266 kenan. Bakwai ɗin nan da ta rage ita ce ta turo maka rubutu gaba. Kuma ko wannan lissafin nawa kar ka hau kai ka zauna, kayan kasuwa kowane kamfani da yadda yake zuba robarsa, wani ya ƙara rabin milimita wani ya rage, don haka ka buɗe gidan ka kwantar da shi a tebur ka auna da rular ƙarfe daga bakin ledar nan mai haske zuwa ɗaya bakin, abin da rula ta ce shi za ka bi.

In ka gama awo sai ka buɗe Corel, ka bar shafin a A4 amma ka kwantar da shi, wato 297 a faɗi 210 a tsayi, ka duba ma'aunin yana kan milimita ba inci ba. Ka zana akwati ɗaya, ka rubuta masa girmansa da hannunka a wurin lambobin nan na sama, ba ja da linzami ana kintace ba, sai ka danna P ya zauna tsakiyar shafi. Ka jawo layukan jagora biyu su raba maka shi uku. Abin da kusan kowane sabon yaro ke juyawa shi ne, gaban kaba yana hannun dama ne, baya yana hagu, in kana kallon sikirin. Hoton ɗaliban da sunan makaranta a dama, jerin sunaye da kwanan wata da lambar shagonmu a hagu. Rubutun ƙashin baya ka juya shi ya karantu daga sama zuwa ƙasa, kuma a milimita 7 ba wurin gayu, layi ɗaya tak, ƙaramin harafi mai kauri, ka bar masa iska sama da ƙasa don ko takarda ta ɗan goce ba zai nuna ba. Ni ma dai a siririn gida bana son a ba ƙashin baya kalarsa daban, ka bar kalar bango ɗaya ta ratsa gaba da baya da tsakiya, in ya goce da milimita ɗaya ba mai gani sai mu 'yan sana'a.

Kalar bangon nan ka bar ta ta zarce layin yanka da milimita 3 ta kowane gefe. Dalili kuwa hannunka ba inji ba ne, in ka tsayar da kala daidai kan layi, da reza ta kauce kaɗan sai ka ga farin zare a gefe, kuma a kan kaba mai duhu kamar koren da ka zaɓa abin fitowa yake sosai. Shi kuma rubutu ya ja ciki, kar komai mai muhimmanci ya kusanci baki.

Yanzu ga inda ake yawan faɗawa rami, wajen bugawa. Akwai wurin da firinta ke tambaya ko ta daidaita aikin da girman takarda da kanta, wannan ka cire shi, ka tabbata yana kan ɗari bisa ɗari. In ta rage maka kashi 3 kacal, 266 ɗinka ta koma kusan 258, a sikirin ba za ka ga komai ba sai ka yanka ka zura ka ga takarda na yawo a ciki. Ta farko kullum a farar takarda ta banza ake buga ta, baƙi da fari, ka ɗora rula a kai, ka yanka, ka zura, ka rufe gidan ka juya shi ka kalli ƙashin bayan. Sai ta zauna sannan a taɓa mai sheƙi. Ita ma mai sheƙin kar ka ɗauko ta hoto mai kauri, ba ta son lanƙwasa kuma tana sa gidan ya ƙi rufuwa, ka nemi mara nauyi wajen giram 120 zuwa 135. Kar kuma ka kuskura ka saka takardar firintar ruwa a cikin ta leza, zafin cikinta yana narka fuskar takardar ya manne a ciki, gyaran ya fi kuɗin aikin gaba ɗaya. In ta fito ka shanya ta 'yan mintuna, kar ka jera su kan juna da ɗanyen inki.

Hotunan da mutanen makarantar suka turo ta WhatsApp kuwa, ka koma ka ce su ba ka na asali daga wayar ko kyamarar da aka ɗauka, ko su turo a matsayin fayil, domin WhatsApp matse hoto yake yi. Muna son 300 dpi, wato ɗigo 300 a kowane inci, a girman da za a buga. Fuskokin yara ne fa, kowace uwa ɗanta za ta fara nema a jikin kabar nan, in ta ga ya zama dusu-dusu kai za a zaga ba wanda ya turo ba. Sunayen ma ka bi su ɗaya bayan ɗaya da takardar malam a gefe. Ka lura da ƙ da ɗ da ɓ, ba kowane salon harafi ke da su ba, wasu sai su ba ka ɗan akwati fanko ko su aro harafin daga wani salo ya fito daban a tsakiyar suna. In ka gama gyara ka ajiye kwafi ɗaya da rubutunsa a raye, ɗayan kuma ka zaɓi rubutun duka ka danna Ctrl da Q ya koma zane, ta yadda ko a wata kwamfutar aka buɗe ba zai canza ba.

Batun sitika. Ni dai bana so, kuma ba a shagona ba sai in kastoma ya matsa. Faifai faɗinsa milimita 120 ne, ramin tsakiya 15, kuma juyawa yake da mugun gudu a cikin na'ura, in sitikar ta karkace ko kaɗan sai ya riƙa rawa yana ƙara, hoto ya riƙa tsayawa. Ga zafin garin nan, a bar shi a mota watan Afrilu gam ɗin ya saki, gefe ya ɗago, a tura shi a rediyon mota mai haɗiye faifai ya maƙale. In CD ne ma abin ya fi muni, don shi bayanansa suna nan dab da fuskar da ake rubutu a kai, fenti ne siriri kawai ya rufe su, ka ɓare sitika sai ta taho da azurfar, shi kenan karatu ya tafi. Shi ya sa nake hana ku rubutu da biro a kai, sai maka mai laushin baki. DVD ya ɗan fi juriya tunda nasa bayanan a tsakiyar roba biyu suke, amma rawar nan shi ma tana damunsa.

Abin da za ka yi, ka sayo faifai masu farar fuska waɗanda ake bugawa kai tsaye, ka yi amfani da tiren faifai nan na firintar Epson L805 da ke cikin durowa ta ƙasa, wanda kuke ɗauka marfin wani abu ne. Ka zana da'ira ta milimita 118 a waje, ta ciki kuma ka auna inda farin ya tsaya don wasu farinsu ya kai kusa da rami wasu ya tsaya nesa, in inki ya sauka a kan roba mara fari ba ya bushewa, sai dai ya shafe a yatsa. Kar ka cika shi da hoto, sunan makaranta da shekara sun isa. Kuma ka fara ƙona bidiyon, wato ka kwafa shi a kan faifan, ka kunna ka gani yana yi kafin ka buga fuskar, kar ka ƙawata faifan da zai zo ya ƙi karantuwa.

Da muka fara wannan aiki filofi ake yi wa lakabi, ɗan abin da ke ɗaukar megabait 1.44, daga baya faifan Zip na kamfanin Iomega ya zo da megabait 100 muna ganin an gama duniya, sai zamanin da 'yan fim suka cika kasuwar Ƙofar Wambai ta Kano da faifai kowa na neman mai yi masa kaba. Yanzu yawanci filasha da memori ake kawowa, su ma ƙananan akwatunansu haka za ka auna ka yi musu, manhajar ce dai ɗaya.

Gobe in Allah ya kai mu ka zo da wuri kafin a ɗauke wuta, ka taho da gida ɗaya daga cikin nasu da takardar sunayen, ka buga ta gwajin a gabana. Ka kuma kira malam ka tambaye shi guda nawa yake so takamaimai, don in sun haura ɗari ba a firintarmu za a yi kabar ba, inkin ba zai fitar da mu ba, gara mu kai a buga mana a A3 biyu-biyu a takarda ɗaya mu zo mu yanka.