Kuɗin da ake kashewa kafin a kai ga rabon gado

Allah ya jiƙan mahaifinku, ya gafarta masa, ya ba ku haƙurin rashi. Ɗan'uwa, ka ce marigayin ya yi aiki a wani kamfani a Legas har zuwa rasuwarsa, ya bar kuɗi a banki da asusun fansho da gida a Kano, kuma kana so ka san abin da za ku kashe kafin dukiyar ta shigo hannun magada. Ni na tsaya a kan gadon yayana da ya rasu a can, saboda haka zan gaya maka abin da na gani da idona.

Abin da ya fi ba mu wahala, wanda kuma babu wanda ya faɗa mana tun farko, shi ne cewa ana biyan kuɗin kotu ne kafin banki ya saki ko kwabo. Da zarar banki ya sami labarin rasuwa zai rufe asusun, kuma a namu lamarin ya ƙi buɗewa sai mun kawo takardar izinin kula da dukiyar mamaci daga sashen gado na Babbar Kotu, wadda ake bayarwa idan mutum bai bar rubutacciyar wasiyya ba. Kotun za ta ba ku fom ku kai kowane bankin da yake ajiya, bankin ya rubuta adadin da ke ciki ya buga hatimi, sannan a yanka muku kuɗi a kan jimillar abin da aka bayyana. A Legas abin da aka saba karɓa shi ne kashi 10 cikin 100. Ka ɗauka akwai naira miliyan 8 a banki da fansho, to ku tanadi naira 800,000 daga aljihunku, alhali dukiyar tana kulle kuna kallonta. Na tuna ranar da magatakarda ya miƙo mini takardar biyan kuɗin, na tsaya a barandar kotu ina lissafin wanda zan kira a dangi, daga ƙarshe matar yayan nawa ce ta sayar da sarƙarta ta zinariya, aka rubuta a matsayin bashi a kan gadon, aka mayar mata kafin a raba.

Ƙananan kuɗaɗen kuwa suna da yawa, kuma su ne ake mantawa wajen ƙiyasi: takardar shaidar mutuwa daga Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, takardun rantsuwa, kuɗin fom, da kuɗin buga sanarwa a jarida, wadda bayanta ake jira kwana 21 ko wani zai fito da ƙorafi. Ana kuma neman mutum biyu da za su tsaya muku, kuma dole su bayyana da kansu, don haka kuɗin motarsu da masaukinsu yana wuyanku. Mu dai zirga-zirga tsakanin Kano da Legas ta ci mana fiye da abin da duk takardun nan suka ci, domin sau huɗu muka je.

Game da lauya, shawarata ita ce ku yi yarjejeniya a rubuce kafin ya fara aiki. Wasu suna yanka kuɗi tsayayye, wasu suna neman kaso daga dukiyar, kuma idan dukiyar tana da kauri bambancin da ke tsakanin biyun ba kaɗan ba ne. Ku tambaye shi a fili ko kuɗinsa ya haɗa da na kotu, domin a nan ne ake yawan samun saɓani.

Fansho yana da nasa tsarin. Dokar fansho ta 2014 ta ce ba a sakin abin da ke asusun ma'aikacin da ya rasu sai da wasiyyar da kotu ta tabbatar ko wannan takardar izinin, saboda haka ku tabbata an sa asusun a cikin jerin dukiyar tun farko, don ƙara shi daga baya yana nufin sabon fom da sabon biya. Dokar ta kuma wajabta wa ma'aikatar da ke cikin tsarin ta yi wa ma'aikacinta inshorar rai da ba ta gaza ninki 3 na albashinsa na shekara ba, kuma wanda ma'aikacin ya rubuta sunansa shi ake biya. Ku je kamfanin ku tambaya, don iyalai da dama ba su san da wannan haƙƙi ba.

Shi kuwa gidan Kano, mu Kotun Shari'a muka kai namu, ta tura aka yi masa ƙima, ta raba, ta ba kowane magaji takarda. A nan ma akwai kuɗin kotu, wanda iyayenmu suke kira ushira tun zamanin alƙalan En'e, da na masu ƙiyasta gida, kuma idan rabon ya kai ga sayarwa akwai la'adar dillalai. Ku je wurin magatakardan kotun ku ji adadin daga bakinsa, ku kuma karɓi rasit a kan duk abin da kuka biya.

Ka sayi littafi guda ka riƙa rubuta kowane kuɗi da ranarsa da sunan wanda ya bayar, kana karanta wa magada lokaci zuwa lokaci. Idan aka zo rabo, za a fara fitar da kuɗin jana'iza, sai basussukan marigayi tare da abin da aka ranta don waɗannan takardu, sai wasiyya idan akwai, wadda ba ta wuce sulusi, sannan a fitar wa matansa tumuninsu a raba wa sauran. Mu sai da muka yi wata 9 daga ranar da muka karɓi fom zuwa ranar da banki ya biya, don haka ku tanadi abin da marayu za su ci da kuɗin makarantarsu na tsawon wannan lokaci a cikin lissafinku.